Bindigar da Na Zaɓa wa Kawu

A shekarata ta biyu a jami'a ina zaune a gidan kawuna a Beltsville, a Amurka, a ɗakin ƙasa kusa da injin wanki. Wata Juma'a muna masallaci aka fasa ƙofar baya da rana tsaka, aka ɗauke talabijin da 'yan kunnen matarsa. Ba kowa a gidan, don haka ba wanda aka taɓa. Amma kwana uku kawu bai ci abincin kirki ba. A rana ta huɗu ya kira ni falo.

"Malam," haka yake kirana saboda littattafai, "zan sayi ƙaramar bindiga in ajiye a gida. Ban san komai a kanta ba. Kai ne mai karatu, kai za ka zaɓa mini. Kada ta wuce dala ɗari huɗu."

Ina tsugune a gefen kujerarsa, kaina a ƙasa, na ce to. Murnar da na ji ranar har yanzu ina jin kunyarta. Ba bindigar ce ta dame ni ba, ni da ko kaza ban taɓa yankawa ba. Kawu yana da ɗa, sa'ana, haifaffen nan. Yana jin Hausa, yana amsawa da Turanci. Shi ke zama a hannun kujerar babansa, shi ke tsoma cokali a kwanonsa, kuma duk abin da ya taso a gidan shi ake fara kira. A cikin al'adunmu gaba ɗaya abu guda ya riƙe da kyau: an gaya masa ni taubashinsa ne, yana da damar tsokanata. Wannan karon kuwa ni aka kira. Abin da nake so bai wuce in ji kawu ya faɗa a gaban mutane cewa ni na zaɓa ba.

Na sayi sabon littafin rubutu, na ja layuka da rula. Mako biyar ina karatu tsakanin laccoci. Na rubuta nauyin kowace bindiga, yawan harsasan da take ɗauka, yadda take dukan hannu in ta tashi, da sauƙin wanke ta. Na gane iri biyu ne. Akwai fistol, wadda sai an ja samanta baya da ƙarfi kafin ta ɗanu. Akwai libarba, mai gidan harsashi da ke juyawa. Libarba na soke ta tun mako na biyu: tsohon yayi ce, harsasanta kaɗan. Na tsaya a kan wata fistol baƙa, sabuwa, mara nauyi, kuɗinta bai kai iyakar da kawu ya sa ba. Na ja layi biyu a ƙarƙashinta.

A lokacin kawu yana ta nasa hidimar, ajin da doka ta ce a yi, da dangwala yatsu, da jiran lasisi. Ɗansa ke kai shi. In sun dawo sai ya leƙo ɗakina ya ce da Turanci, "Farfesa, an gama digirin bindigar?" Sai ya ƙara da Hausarsa mai tuntuɓe, "Ƙauye!" In yi murmushi, in juya shafi.

Wata Asabar da safe muka je shagon mu uku. Mai sayarwar wani dattijon Bature ne mai natsuwa. Ya nemi katin shaidar kowa. Da ya duba nawa ya ga bizar ɗalibi ce, sai ya ce cikin ladabi ni sai dai kallo, ba zai ba ni in riƙe ba. Na san haka, yana shafi na biyu a littafina. Amma sani daban, ji a gaban taubashi daban.

"Farfesa, sa hannu a aljihu," in ji shi. "Ka taɓa, gobe kana jirgin Kano."

Na sa hannun a aljihu. Shi kuwa ya ɗauki wannan ya ajiye, ya ɗauki waccan, ko sunayensu bai sani ba.

Kawu ya miƙa takardar da na rubuta masa. Baturen ya fito da fistol ɗin, ya nuna ba harsashi a ciki, ya ba shi, ya ce ya ja samanta baya. Kawu ya ja. Ba ta motsa ba. Ya gyara tsayuwa ya sake ja, ta ɗan matsa ta kuɓuce masa. Na ɗauka riƙon ne bai daidaita ba, kuma na karanta dabarar, har zane na yi. Amma ta yaya zan ce wa kawuna bai iya riƙo ba, a gaban baƙo? Na tsaya ina kallon takalmansa, ina jiran ya tambaye ni.

Ɗansa bai jira komai ba. Ya karɓe bindigar ya ajiye a kan gilashi, ya kama hannun babansa ya juya shi kamar mai duba mangwaro a kasuwa.

"Baba, wannan hannun ba zai iya ba. Dubi babban yatsanka. Ko kwalbar zuma ni nake buɗe maka kullum."

Sai a ranar na kalli hannun kawu. Gaɓoɓin yatsun sun kumbura, babban yatsan dama ba ya lanƙwasawa sosai. Sanyin ƙashi ne, bayan shekaru yana tuƙa tasi a sanyin garin nan. Shekara ɗaya da rabi ina gidansa ban sani ba. Na san silifas ɗinsa, na san wace dunduniya ta fi cinyewa, domin nan idona ke sauka duk lokacin da yake magana. Haka aka koya mini tun ina ƙarami, kuma ina alfahari da hakan. A cikin layukan littafina ba ko ɗaya na hannun mai bindigar.

Kawu bai ji haushi ba. Dariya ya yi ya ce, "Ɗan banza, ka tona ni a gaban Bature."

Taubashin nawa ya tambayi mai shagon ko akwai wadda ba sai an ja ba. Aka fito da wata libarba, ta hannu, fentinta ya goge a gefe. Kawu ya buɗe ta, ya rufe, ya gwada kunamar. Ta zauna a tafinsa. Kuɗinta ma bai kai na tawa ba.

"Farfesa, me littafi ya ce?"

"Harsashi biyar kawai take ɗauka," na ce, a hankali.

"Malam," in ji kawu, "ni ba yaƙi za ni ba."

Bayan kwanakin jira aka ɗauko ta, aka kulle a akwatin ƙarfe. Ranar Lahadi wani abokin kawu, direba ɗan Nijar da ke zaune a Wheaton, ya zo shan shayi. Ni nake zuba musu. Ya tambayi yadda aka yi aka dace.

"Ɗana ne ya zaɓa," in ji kawu. "Kallo ɗaya ya yi. Malam kuma ya sha karatu, Allah ya yi masa albarka."

Na ce amin. Shayin ya zube a faranti, na goge da sauri.

Na sa littafin a ƙasan akwatina. Daga ranar, in na sauko kicin da safe kafin in tafi bas, sai in murɗe murfin kwalbar zuma in mayar da shi sako-sako. Ban gaya wa kowa ba. Wata safiya ina ɗaure takalmi a bakin ƙofa na ji kawu ya buɗe ta da kansa, sau ɗaya. Ya ce wa matarsa, "Kin ga yaron nan? Yanzu tun kafin in tashi yake sassauta mini. Ya san hannuna."

Yaron nan, ɗan nasa, yana sama, bai ma farka ba. Na buɗe baki, na ɗago kai har idona ya kai gwiwar kawu. Sai na ce, "Kawu, na tafi makaranta."

"Allah ya ba da sa'a, Malam," ya ce, yana zuba zumar.