Famfon da Yake Cizo

Ranar da ta zama ta ƙarshe, Ɗigo ya iso gidan iyayensa tun kafin shayi ya huce. Uban yana tsaye a ƙofa aka sauko da injin wanke kwanuka daga motar kaya, fari, da ɗan lotsawa a gefe.

Ɗigo ba sunan yanka ba ne. Tun yana ƙarami ba ya iya cin abinci in famfo na ɗiga. Sai ya ajiye cokali ya je ya ɗaure shi da tsumma. Uban, tsohon malamin lissafi, ya so ya bi hanyar jami'a, shi kuwa ya bi bututu. Ya zama mai gyaran famfo, irin wanda in ya je duba mara lafiya sai ya leƙa banɗaki kafin ya yi sallama. Aure kuwa cewa yake sai ya sami wadda ke rufe famfo har ƙarshe.

Don uwarsa ya sayi injin. Sabulu ya daɗe yana tsattsaga mata yatsu har su yi jini.

"Mama, daga yau kin yi ritaya."

"To, mai ba da ritaya. Ka dai fara duba min famfon kicin. Kwanan nan cizona yake yi."

"Hannunki ne, Mama. Wannan tsagar ko ruwan sama ya taɓa ta sai ya cije ki."

Uban ya ji, bai ɗaga kai daga kofinsa ba. A gidan nan cizo tsohuwar kalma ce: sabulu na cizo, ruwan sanyi na cizo, lemon tsami na cizo.

Da hantsi Ɗigo ya durƙusa yana awo. Bututun na ƙarfe ne, tun na ginin gidan, ya taso daga hitar dumama ruwa ta banɗaki ya bi ta ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Zai yanke shi, ya sa mahaɗi mai baki uku, ya ja tiyo zuwa injin. Yana cikin bayani Auta, ƙanwarsa, ta zo ɗauraye kofi. Tana taɓa famfon ta fizge hannu.

"Wayyo! Yaya, ni ma ya cije ni!"

"Ke kuma gado kika yi? Duk dabarar gudun wanke-wanke ce. Ga inji ya zo, sai ki sake ƙarya."

Aka yi dariya. Uban ya dubi hannun yarinyar, sumul, ko ƙwarzane babu. Wani abu ya gifta masa a rai bai tsaya ba.

"Ko a kashe wutar gidan?" ya ce.

"Baba, ruwa nake taɓawa, ba wuta ba. In kun kashe da me zan gani a ƙarƙashin nan? Ga naman Mama a firji."

Ba mai ganganci ba ne. Ya rufe ruwa tun daga waje, ya tsiyaye abin da ya rage a roba. Wayar injin ma naɗe ta ya yi ya ɗora a sama, bai jona ba.

Da tsakar rana ya ci rabin abincinsa ya ce a rufe masa sauran. Ya kwanta rigingine a kan siminti mai danshi, kansa a cikin kabad, ƙafafunsa a waje.

Daga falo uban yana jin zarto na cin ƙarfe, Ɗigo na bin sa da fito. Can zarton ya yi shiru. Fiton ma ya yi shiru. Ƙwan lantarkin falo ya dushe, ya dawo, ya sake dushewa. Uban ya jira ya ji an nemi sifana. Ba a nema ba.

Da ya leƙa, ƙafafun sun miƙe sun sandare, hannu ɗaya a kan kowane guntun bututu. Ya daka wa Auta tsawa ta riƙe uwarta. Ya ruga ya kashe babban makunnin, wanda yake nan bayan ƙofa, ko miƙa ba sai an yi ba.

Daga baya mai gyaran wuta ya zo ya duba. Wayar hitar ce ta cinye, wuta na zurarewa cikin bututun, bututun na kai ta ƙasa. Ɗan abin da ya rage shi ne cizon. Da aka raba ƙarfen biyu, wutar ba ta da wata hanya sai hannuwan Ɗigo.

Akwatin kayan aikin an ba abokin sana'arsa, wanda ya maye gurbin yankakken bututun. Tufafin an raba, ban da rigar aikin, uwar ta wanke ta da hannunta. Wanda ya sayar da injin ya ce zai karɓi abinsa, ta ce a bar shi. Yana nan a lungun kicin, wayarsa a naɗe yadda ya naɗe ta.

Ƙaramar sifana ɗaya uban ya cire daga akwatin ya sa a aljihun tebur. Famfon kicin ya fara ɗiga. Auta ta ce a kira wani, uban ya ce a bari tukuna.