Kwalabe Ashirin a Wutar Tukwane

Ba na mantawa da Lahadin da na saka kwalaben Madam Naomi a wuta. Shekarar da na aurar da autata ce, damina biyu bayan gwiwar nan ta hana ni gangara rafi haƙo yumɓu da kaina. Wannan shagon da kuke zaune ciki kuna shan iskar fanka, a lokacin ɗaki ɗaya ne tal a Karmo, rufin kwano, benci biyu da tebur ɗaya. Kun tarar ana cewa dokar Mama Jummai, wato ni, kuna bi ba ku san daga ina ta fito ba. To, ku gyara zama.

Ni maginiyar tukwane ce tun ban kai tsawon randa ba. A Tungan Maje aka haife ni, uwata ta gina, kakata ta gina. Ban taɓa zama a aji ba, amma a rufe min ido a miƙo min yumɓu, zan faɗi rafin da aka haƙo shi. Da roba ta cika kasuwa aka daina neman tulu, sai wata 'yar cocinmu ta kai ni wurin Madam Naomi, mutuniyar Kafanchan da ta ajiye aikin ofis ta buɗe wannan sana'a. Madam ta ce za ta gwada ni na wata guda. In hannuna ya yi, in zauna. In bai yi ba, in koma gida. Ni da na gasa tukwane tun ba a haife ta ba, wai ni za a gwada. Na haɗiye, don zaman gida ya ishe ni, kuma hannuna yana ƙaiƙayin yumɓu.

Ga yadda tsarin yake. Madam ce oga, ita ke karɓar oda, ita ke magana da kwastoma. Benci na farko na Rifkatu ne, mai maɓallai. Takan bi shagunan teloli ta tattaro maɓallan da suka rage, ta wanke, ta ware su launi-launi, ta zarga a zaren kamun kifi, ta fitar da sarƙar wuya da abin hannu da 'yan kunne. Benci na biyu na kwalabe ne, ni da Hajiya Binta. Kwalaben mayonis ne da na zuma. Hajiya ta jiƙa su a ruwan zafi har takardar ta ɓare, ta shanya. Ni in shafa farin gam, in manna ɗanyen yumɓu a jiki, in fitar da fure ko ganye. A bar shi a inuwa ya bushe, Hajiya ta shafa fenti. Shi ke nan, wai an gama.

Abin bai kwanta min ba. A gidanmu abin da bai ga wuta ba ba kaya ba ne, laka ce da aka yi wa siffa. Na gaya wa Madam haka tun rana ta biyu. Ta ciro waya ta nuna min hannun wata Baturiya yana yin irin wannan aikin, ta ce haka ake yi ko'ina a duniya. Daga ranar Rifkatu ta sa min suna Mama Wuta. In na shigo da safe sai ta ce a ɓoye ashana, ga ta nan ta iso.

Ana haka wata uwar amarya daga Gwarinpa ta ba da odar kwalabe sittin, za a zuba musu fure a jera kan teburan biki, nan da mako uku. Madam ta ce wannan odar ce jarrabawata. Muka duƙufa, kafin Asabar na gama ado a jikin sittin ɗin, saura fenti. Na dube su a jere, furannina sun fito kamar a tsinka, amma na san ruwa kaɗan ya taɓa su sun koma taɓo, kuma sunana ne a kansu. Sai na ce wa Madam zan tafi da ashirin gida in goge su da dutsen gugar tukunya. Ta yarda. Na jera su a kwando da tsumma, na saɓa a kafaɗa yadda mu Gbagyi muke ɗaukar kaya, na nufi tasha.

Lahadi bayan an tashi daga coci na share wurin gashin tukwanena a bayan gida. Na shimfiɗa itace, na jera kwalaben baki ƙasa, na lulluɓe da busasshiyar ciyawa. Maigidana Baba Audu yana kan benci a gindin mangwaro, ya tambaye ni ko ana gasa kwalba. Na ce masa na ji a rediyo da wuta ake yin kwalba, ta yaya abin da wuta ta haifa zai ji tsoron wuta? Ya ce to, ke ce maginiya.

Na ƙyasta ashana. Ciyawa ta kama da kyau, har na fara 'yar waƙata ta gashi. Sai na ji tas. Na ce itace ne. Sai tas, tas, tas, a jere kamar ana wasan wuta na Kirsimeti. Kaji suka watse, akuyar maƙwabta ta tsinke igiya, Baba Audu ya tsallake bencin da ya yi shekaru yana cewa ƙugunsa ba ya bari ya tashi daga kai da sauri. Ni ina tsaye da sanda a hannu ina ƙirgawa a zuci. Da na kai ashirin, wurin ya yi tsit.

Da wutar ta lafa na tona tokar. Ko kwalba ɗaya ba ta tsira ba. Amma furannin yumɓun sun ɓalle daga gilashin sun zube a toka, yawancinsu lafiya lau, sun yi ja. Hannuna bai nemi shawarata ba, ya ɗauki tsintsiya ya tsoma a ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa da muke yayyafa wa tukunya tana da zafi, ya yayyafa musu. Suka yi cuu, suka koma baƙi-baƙi ja-ja suna sheƙi. Na tsince su a kwano, ban ma san me zan yi da su ba.

A mota ranar Litinin na shirya ƙarya mai kyau: kwando ne ya suɓuce a kan mashin. Har ƙofar shago tana bakina. Da na ga Madam ta miƙe tana murmushi tana neman kwalabenta, sai ƙaryar ta ƙi fita. Na ajiye kwanon a tebur na ce, "'Yata, na gasa su. Duk sun fashe."

Ta zauna. Ta dube ni ta ce, "Mama, saura kwana goma sha biyu biki. Me kike so in yi da ke?"

Na fara tattara ɗan buhuna a raina.

Rifkatu kuwa, da ba ta iya ganin ƙaramin abu ba ta taɓa ba, tuni hannunta yana cikin kwanon. Ta ɗauki fure ɗaya ta ƙwanƙwasa a tebur, ya yi ƙara kamar tangaran. Ta kara a kunnenta ta juya wuya tana yanga, ta ce wannan ai maɓalli ne, huji kawai ya rasa. Hajiya Binta ta matso kusa. Ta jawo wankakkiyar kwalba, ta ɗiga gam a bayan wani furen, ta manna. Ya zauna daram, don a jikin kwalba aka gina shi tun farko, lanƙwasarsa ta bi tata.

Nan ƙarfina ya dawo. Na ce a ba ni ruwa a kofi biyu. Na ɓamɓaro fure ɗaya daga kwalaben da suka rage a shago na jefa a ɗaya, na jefa gasasshe a ɗayan. Kafin Madam ta gama faɗan da ta fara, na farkon ya narke ruwan ya zama kunu. Gasasshen yana ƙasan kofi yana kallonta.

Dariya ta ƙwace mata. Ta ce, "Wato kwalba ashirin kika fasa min don ki nuna kina da gaskiya."

Na ce, "Rabin gaskiya. Yumɓun na sani. Kwalbar ce ban tambaya ba."

Talata Hajiya ta shiga kasuwar Karmo ta samo kwalabe ashirin, muka kankare sauran arba'in ɗin tas. Na riƙa gina furen a jikin kwalba ba gam, in ya ɗan sha iska in ɗaga shi a hankali in ajiye a inuwa. Wasu na huda su da tsinke saboda Rifkatu. Lahadi na gasa su su kaɗai, Baba Audu ya kai bencinsa can bakin titi ko da na rantse masa ba gilashi a ciki. Muka manna, Rifkatu ta sa farin maɓalli a tsakiyar kowane fure. Fenti ko ɗigo ba mu shafa ba.

Da uwar amarya ta zo ɗauka, ta ƙwanƙwasa fure da zobenta ta tambaya daga wace ƙasa aka kawo. Kafin Madam ta buɗe baki na ce daga Tungan Maje, bayan gidana. Aka ce bayan biki ko kwalba ɗaya ba a samu a kan tebur ba, baƙi sun tafi da su a jaka.

Wata ya cika, Madam ba ta ce min zauna ba, ba ta ce tafi ba. Na dai zo da safe na tarar da kujera mai majingina a bakin bencin kwalabe, ta ce saboda gwiwata. Ita ce wannan da nake kai.

Abin da na koya shi ne, shekara hamsin a kan yumɓu ba ta koya wa mutum gilashi, kuma gyaran ɓarnata daga hannun mai maɓalli da mai wanke kwalba ya fito. Shi ya sa dokar take: sabon abu a gwada shi a kwalba ɗaya, a gaban kowa.

Hajiya Binta ta rasu bara waccan, Allah Ya ji ƙanta. Baba Audu ya riga ta. Madam ta koma Kafanchan wurin jikoki, tana kira duk Kirsimeti ta tambaya ko na fasa wani abu. Saura ni da Rifkatu, ga ta can da tabarau tana zarga maɓalli tana yi kamar ba ta ji. Ku dubi kunnenta. Furen nan na cikin tokar farko ne, ita ta huda abinta.