Baƙar Ƙasar Baba Kwance

Da asuba, tun haske bai isa mutum ya bambance sifana da filaya ba, Baba Kwance ya riga ya shiga rami yana sarar ƙasa da diga. Ba ramin duba mota ba ne. Sabon rami ne da yake haƙa a gaban rumfarsa, daidai inda manyan motoci suka saba tsayawa. In ya sara ya sara, sai ya ɗauki shebur ya cika baro, ya hauro a hankali saboda gwiwa, ya tura baron zuwa bakin titi ya juye a kan tamfol. Ƙasar baƙa ce wuluk, tana maiƙo, tana manne wa shebur sai ya kankare ta da ƙafa. Haka na riƙa tarar da shi kowace safiya a ƙarshen zamanmu na bakin rafi.

Ni mai walda ne, rumfata tana jingine da tasa. Shi bakaniken manyan motoci ne, tirela da tanka da tifa. Direbobi ne suka sa masa suna Kwance, don ba kasafai ake ganinsa a tsaye ba. Wani direba da ya daɗe yana kawo masa aiki ya rantse cewa da ƙafafu kaɗai ya san shi, in sun haɗu a kasuwa sai ya duba takalmi kafin ya gaishe shi. Ba shi da yawan magana. In ya ce mota ta gyaru, ta gyaru. In ya ce ba ta gyaruwa, kai ta duk inda ka ga dama, za ka dawo.

A layinmu akwai abin da kowa yake yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili. In aka juye baƙin mai daga inji, a ƙasa ake watsa shi, a gaban rumfa da gindin ginshiƙai. Yana kwantar da ƙura, yana korar gara, yana sa ƙasa ta daddale kamar kwalta har jak ya zauna daram bai nutse ba. Wanda gaban rumfarsa yake ja, kallon marar ciniki ake yi masa. Kwance kuwa injinansa manya ne, mansa ya fi na kowa yawa, gaban rumfarsa ya fi na kowa sheƙi. Da kansa yake share shi.

Sai aka yi dokar kare ruwa. Ba a kanmu kaɗai ta faɗo ba. Duk abin da ke bakin rafin, daga mayanka da ke sama har masu bulo da ke ƙasa, an shafe shi da kore a sabuwar taswirar gari. Ba gini, ba gareji, ba haƙar yashi, sai itatuwa. Aka tura mayanka gabas, masu bulo yamma, mu kuma aka yanka mana fili can bayan babban titin da ya kewaye gari. Aka tara mu a rana aka yi ta jawabi da lasifika. Na sha jawabai a rayuwata, don haka abu biyu kawai na riƙe. Ba wanda za a ba fegi a sabon wuri sai ya kwashe gurɓatacciyar ƙasar da ya bari a tsohon. Kuma wanda ya riga gamawa shi zai riga zaɓa.

Mun je mun ga sabon filin. Layi-layi aka yanka shi, lungunan tsakani kuma ƙaramar mota ce kaɗai za ta iya juyawa a ciki. Layin gaba, na bakin titi, shi ne kawai tirela za ta shiga ta fita. Ga mai gyaran babur ko mai cajin batir, gaba da baya duk ɗaya ne. Ga Kwance, layin gaba shi ne sana'ar baki ɗaya. Kowa ya san haka, shi ma ya sani.

Shugaban ƙungiyarmu, wanda muke ce wa Ciyaman, bai ɓata lokaci ba. Ya sa tifofi suka riƙa sauke jar ƙasa. A kankare saman baƙar, a baza ja mai kauri, a yayyafa ruwa, a daddale. Kafin ka ankara layinmu ya koma kamar ba a taɓa kwance ko da ƙusa ɗaya a cikinsa ba. Ya sa aka sauke wa Kwance nasa tulin kyauta, don girmamawa.

"Baba, ba kabari aka ce ka haƙa ba," in ji shi. "Baza ja ka huta. Wa zai tona?"

Kwance ya ce ya ji, ya gode. Ina jin da ya baza ɗin, in ba don yayarsa ba.

Yayarsa tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa. Gidanta yana gangaren bayan gareji, layin kore ya wuce ta gefen katangarta bai taɓa ta ba. Tana da rijiya a tsakar gida. Ta yi shekaru tana ce masa ruwan yana wari, shi kuma yana cewa guganta ne, ta sake guga. Ta sake guga har ta gaji. A ranar da aka sauke masa jar ƙasa sai ga ta ta hauro da sanda, da kwanon ruwa a ɗaya hannun. Ta ajiye shi a kan teburin kayan aikinsa. Saman ruwan yana walƙiya, launi-launi.

"Auta, ga ruwan gidanmu na kawo maka," in ji ta. Mutum da furfura har gira, amma ita Auta take ce masa. "In ba ka jin ƙishi, zuba wa tankar nan. Na san za ta tashi."

Direbobi suka yi dariya, ni ma na yi. Shi bai yi ba. Ya daɗe yana kallon kwanon, ya ce mata ta koma gida rana ta yi zafi. Washegari da asuba na ji ƙarar diga.

Matarsa ba ta ji daɗi ba, kuma ba ta ɓoye ba. Ita ke kawo masa abincin rana, ta zauna a kan tsohuwar taya tana yi masa faɗa ƙasa-ƙasa yana ci. Ta ce ai ba shi kaɗai ya zuba ba, layi guda ne ya zuba, in ya haƙa har ya ɓulla ƙarƙashin duniya rijiyar Yaya ba za ta washe ba muddin na sauran yana binne. Ta ce gwiwar da take gasa masa kullum ba ta aro ba ce. Gaskiya ta faɗa, ni ma na gaya masa haka. Ya suɗe hannu ya ce, "Nawa na sani."

Shi kansa bai san zurfin abin ba. Ya ɗauka in ya kai gwiwa zai tarar da ja. Ya kai gwiwa, baƙa. Ya kai ƙugu, baƙa. Yana tono tsofaffin notuna da guntayen bel, har da wata sifana da ya taɓa zargin wani direba da ɗaukewa, direban ma ya rasu. Ya goge ta ya jefa a akwati. Motar hukuma da za ta kwashe tulin sai ta ga dama take zuwa, shi kuma ba ya yarda ƙasar ta sauka daga kan tamfol, don haka in ya cika sai ya jira. Da rana yana ƙarƙashin mota, da asuba yana cikin rami. Tafiyarsa ta koma ta mai taka ƙaya.

Mai dubawa daga ofishin muhalli mace ce, ita kaɗai aka ba bakin rafin tun daga mayanka har masu bulo. Takalminta ya ci ƙura, idonta duk gajiya. Tana da ɗan guntun rodi da take cakawa a ƙasa ta zaro ta duba. A rumfunan sauran, ja yake fitowa. Ko ta gane ko ba ta gane ba, ban sani ba. Na dai ga ta tsaya tana kallon sawun tifa na ɗan lokaci, sannan ta wuce. Da ta iso ramin Kwance ba ta ma buƙaci rodi ba. Ta leƙa, ƙasan ramin baƙi ƙirin.

"Baba, ba zan iya sallamarka a haka ba," in ji ta. "Abin da ido bai gani ba daban. Wannan na gani."

"To, 'yata. Ki dawo in na kai ja."

Ta ce za ta yi magana a riƙe masa fegi ɗaya a gaba. Na yarda ta yi maganar. Magana ce dai, ta shiga ofis ba ta fito ba.

Aka raba fili. Layin gaba ya tafi ga Ciyaman da mutanensa, da mai batir, da mai faci, har da wani mai sayar da kayan ƙawar mota da duk shagonsa bai fi tebur ba. Ni da ba na harka da mai an sallame ni da wuri, amma tsakiya na samu. Muka kwashe muka bar shi shi kaɗai a layin, da rumfa ɗaya da rami.

Sai da ramin ya kai masa ƙirji ya tarar da ja. A lokacin damina ta faɗi. Na koma ɗaukar wasu ƙarafa da na bari, na ga abin da ruwa ya yi. A duk inda aka baza ja, man ya taso ya yi tabo-tabo kamar jikin mai ƙyanda. Itatuwan da hukuma ta dasa a wurin sun yi rawaya. Amma kowa ya riga ya zuba siminti a sabon fegi, ba wanda aka ce ya tashi. Mai dubawa ta dawo, ta leƙa ramin, ta sallame shi. Ya cike shi da tulin jar ƙasar da Ciyaman ya ba shi, wadda ciyawa ta riga ta fito a kanta.

Fegin da ya rage shi ne na ƙarshe, a jikin shinge. Direban nan da ya san shi da ƙafafu ya yi ƙoƙarin shigar da tirela don yi masa kara. Ya kwashe ginshiƙin rumfar wani, ya toshe lungu tun safe har la'asar, aka yi ta zage-zage. Daga ranar ba wanda ya sake gwadawa. Kwance bai ko kafa rumfa a fegin ba.

Yaya ta ce warin ruwan ya ragu. Na je na sha, ban ji ya ragu ba. Wataƙila don ƙaninta take faɗa.

Yanzu a cikin baron nan da ya yi haƙa da shi yake zuba kayan aiki, ya bi gefen babban titi yana neman motar da ta mutu a hanya. Wata rana a samu, wata rana a dawo haka nan. Matarsa ta daina kawo abinci, don ba ta san inda za ta same shi ba.

Ganina da shi na ƙarshe, ina kan hanyar sayo iskar walda ne. Na hango tanka a gefen titi, da ƙafafu biyu a ƙarƙashinta, na gane takalmin. Na tsaya na yi sallama, ya amsa daga ciki. Ya tara yankakkiyar jarka yana juye mai. Da ya gama ya jawo jiki ya fito, ya dafa taya ya miƙe da ƙyar, ya sa mazurari ya ɗura man a wata jarka ya toshe. Kaɗan ya ɗiga a ƙasa. Direban yana ta danna ham yana cewa Baba a yi sauri. Kwance ya durƙusa a kan gwiwar nan tasa, ya kankare wurin da bakin sifana, ya kwashe ƙasar a gwangwani, ya sa a baro, ya tura ya yi gaba.