Maiwada da Gadon Gansakuka

Maiwada kafinta ne, ko kuma a ce kafinta ne a zamanin da ake samun itace. A ƙauyensu da ke gefen Birnin Tsaba da wuya a kai amarya ɗaki ba a kan gadon da ya haɗa ba. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fensir ba ya barin bayan kunnensa ko masallacin Juma'a zai tafi. Sunan nan nasa kuwa fata ne iyaye suka yi masa, don wadar har yau ba ta gane ƙofar gidansa ba.

Da 'yan bindiga suka mamaye daji, sai itace ya koma abin da ake saye da rai. Masu zuwa yanko maɗaci wasu sun dawo, wasu har yanzu iyalansu na duban hanya. Ranar da aka tashi ƙauyen, mutane na ɗora hatsi a amalanke, shi kuwa Maiwada bencin aikinsa ya ɗora, wani faffaɗan katakon maɗaci da maigidansa a sana'a ya bar masa. A kansa ya kwantar da matarsa Maimunatu, wadda ciwo ya riga ya ci ƙarfinta, ɗiyarsu Mubaraka na riƙe da ita har Kaura Namoda.

Maimunatu ba ta ga damina ta biyu a Kaura ba. Kafin ta cika ta bar masa magana ɗaya.

"Ka yi ma ɗiyan mutane gado har ka gaji. Kada ɗiyarka ta kwana bisa tabarma gidan miji, ana nuna ta ana cewa ɗiyar kafinta ce."

Da aka sa ranar Mubaraka, maganar nan ta zauna masa a ƙirji kamar dutse. Ya je inda ake sayar da katakon kudu, ya ji kuɗi, ya yi wa mai katakon addu'a ya juyo.

Maƙwabcinsa a bayan tashar jirgi wani mai walda ne, Lazarus, mutumin kudancin Kaduna da ya daɗe a garin har Hausarsa ta koma ta Zamfarawa. Ya ce zai haɗa masa na ƙarfe.

"Gadon ƙarfe na asibiti ne," in ji Maiwada. "Aure za ta yi, ba jinya ba."

Lazarus ya yi dariya, ya zaro waya ya nuna masa wasu Turawa suna kwasar gansakukar teku, suna busarwa, suna matse ta ta zama allo, har da kujeru. Maiwada ya kalla, ya ce a maido masa daga farko. Teku dai ba ta zo Kaura ba, amma akwai kududdufin bayan tasha, wanda ya yi kore shar kamar an shimfiɗa masa darduma.

Haka mutanen unguwa suka wayi gari suka ga dattijo ya naɗe wando, yana tace kududdufi da tsohon gidan sauro.

"Maiwada, mi kaka nema? Kifi ko kwaɗi?"

"Katako nika yanka," ya ce, bai ko ɗago ba.

Ya shanya ta bushe, ya haɗa da dakakken ɓawon gyaɗa, ya dama da ƙaro, ya zuba tsakanin fallayen kwano, Lazarus ya danne masa da tsofaffin ƙarafa. Allon farko ya farfashe kamar ƙuli-ƙuli. Na biyu ya yi kyau ƙwarai, har akuyar gidan ta shaida, don ba ta bar ko ɓarɓashi ba. Daga nan ya riƙa damawa da ruwan ganyen dogon-yaro. Akuyar ta sake zuwa, ta lasa, ta yi masa wani kallo, ta kama gabanta.

Ƙafafu da gefen gadon ya harhaɗa su da guntayen katako da ya tsinta. Shimfiɗar da katifa za ta hau, da fuskar gadon, duk allon gansakuka ne. Da ya goge fuskar ya shafa mata mai, ta fito kore mai duhu da zane-zane kamar ruwa na tafiya, masu tsokanar nan suka yi shiru. Bai yarda da kyau kaɗai ba. Ya watsa mata ruwa, ya jibga buhunan gero, ya sa Lazarus ya hau ya yi birgima. Gado ko motsi. Ranar ne aka ji Maiwada yana fito, karo na farko tun rasuwar Maimunatu.

Ranar jere aka ɗauki gado zuwa gidan ango. Jere aikin mata ne, namiji iyakarsa ƙofar gida, uban amarya kuwa ko unguwar ba ya leƙawa. Yayarsa Gimbiya ce ta ja ragamar mata, mace mai jiki, mai murya. Suka kafa gado, suka jera kwanoni, sannan suka yi abin da ake yi wa kowace amarya: suka cika kasko da garwashi, suka zuba turaren wuta, suka tura ƙarƙashin gado, suka ja ƙofa don ƙamshi ya kama katifa. In garwashi ya mutu a ƙaro wani.

Bayan azahar aka buɗe ɗaki. Ƙamshin turare na nan, amma a bayansa akwai wani baƙo, warin kududdufin bayan tasha, ya taso da ƙarfinsa. Zafi ya narkar da ƙaro. Gimbiya ta yi ta maza ta zauna don ta rufe bakin dangin ango, gado ya lotsa da ita kamar ƙwarya, sai da mata biyu suka ciro ta.

"Ikon Allah!" in ji ƙanwar ango. "Amarya za a kawo muna ko 'yar ruwa?"

Gimbiya ta iske ƙanenta a rumfarsa, mayafinta a hannu.

"Maiwada, ka kashe mu! Gadonka ya zama kunu."

"Wa ya ce ku sa mishi wuta?"

"Wace amarya anka taɓa kaiwa ba a turara gadonta ba? Duk gadajen da kayyi, ba ka san abin da aka yi musu in sun bar hannunka ba?"

Bai sani ba. Shi iyakarsa ya ɗora gado a amalanke ya karkaɗe hannu. Wadda za ta gaya masa tun yana dama ƙaro, tana maƙabartar Kaura.

Bayan magariba za a kai amarya, ga rana ta fara karkata. Maiwada ya dubi rumfar. Babu wani itace a cikinta sai ɗaya. Ya sauke kayan aikin da ke kan bencin ya jera a ƙasa, ya zaro fensir daga kunne, ya ja layi.

Lazarus ya riƙe masa hannu. "Haba Baba Maiwada! Gobe bisa mi za ka yi aiki?"

"Ƙasa tana nan. Riƙe min wancan gefen."

Maɗacin ya tsufa, ya yi tauri, zarto na kuka shi ma gumi na zuba. A wajen nan ne kan Maimunatu ya kwanta a hanyar Kaura, ya san wurin, bai tsaya ba. Kafin la'asar ta yi sanyi an kai fallayen gidan ango, mata suka kauce aka shigar da su, aka maye gurbin shimfiɗar da ta lotsa. Fuskar gadon ba abin da ya same ta, don wuta ba ta kai gare ta ba. Gimbiya ta sake zama, har da ɗan tsalle. Gado ya karɓe ta. Mubaraka ba ta kwana a tabarma ba.

Yanzu in ka bi ta bayan tasha za ka gan shi zaune a ƙasa, ƙafa a miƙe, yana haɗa 'yan kujerun tsuguno da allon gansakuka. Bayansa ya fara lanƙwashewa. Duk macen da ta ɗaga kujera tana yaba kyanta, sai ya gaya mata gaskiya, ya ce kada ta kai ta kusa da wuta. Ita kuwa kujerar tsuguno a gindin murhu ake zama da ita. Yawancinsu sukan ajiye a hankali, su yi masa sannu da aiki, su wuce.