Fundi Thoya da Ruwan da Bai Tsaya Ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Mwembeni ya san ƙarar keken Fundi Thoya Mwaringa. Keken ba shi da ƙararrawa. Cokalin gini ne da 'yar guduma suke karo da juna a cikin kwandon kaba da ya ɗaure a baya. Katanga ɗaya ta raba gidana da nasa, don haka na fi kowa sanin lokacin fitarsa. Yakan tsaya wajen mai shayi ya karɓi shayi da mahamri biyu, fanken mutanen bakin teku, ya yi ƙorafin sukari ya yi yawa, ya shanye tas. Daga nan sai ya bi ta rijiyar masallaci, ya jingine keke, ya leƙa. Shi ba masallaci yake zuwa ba, cocinsa na can bayan kasuwa, kuma ba ruwa zai ɗiba ba. Yana duba inda ruwan ƙasa ya kwana ne, ko ya hau ko ya sauka. Sai ya gani da idonsa sannan ya san ko ranar ta aiki ce.

Sana'arsa gyaran kwamin iyo. Daga Vipingo har Watamu da wuya ka sami otal ɗin da bai taɓa durƙusawa a cikin kwaminsa ba. A bakin tekun nan komai ruɓewa yake yi. Iska ɗauke take da gishiri, bango kullum cikin gumi yake, ƙarfen da ke cikin kankare ya yi tsatsa ya kumbura ya tsaga siminti, gansakuka ta sami wurin zama. Fiye da shekara arba'in Fundi Thoya yana wannan yaƙi, yana sassaƙe tsohon yaɓe yana shafa sabo. A wannan watan ya ce gwiwoyinsa sun ƙi, ya ajiye cokali. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, tun yana raye yana iya jin abin da zan faɗa, ko da yake na san zai ce na cika surutu.

Mutum ne mai taurin kai, wannan ba zan ɓoye ba. Ba ya kwashe ruwan kwami da damina, ko za a yi masa kuka da hawaye. Ya ce ruwan ƙasa in ya hau, kwamin da babu komai a cikinsa tasowa yake yi kamar ƙwarya a rafi, ya ɓalle daga mazauninsa. Kuma ba ya karɓar yashi sai ya ɗanɗana. Na gani da idona ranar da wani direba ya kawo masa tifa guda. Ya ɗebi kaɗan ya sa a harshe, ya tofar, ya ce a mayar.

Direban ya ce, "Haba Baba! Yashi ne fa, ba miya ba."

Fundi ya ce, "Da miya ce, da na ce gishirin ya yi daidai. Na bakin teku ka kwaso mini, ɗan nan. Juya motarka, ka gaida mai gidanka."

Amma akwai abin da muke tsokanarsa da shi a unguwa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa a cikin kwamin iyo bai iya iyo ba. Bai taɓa shiga kwami da ruwa a ciki ba, sai busasshe. In na ce masa wanzami ba ya son jarfa, sai ya ce, "Malam, kai da ka koyar da taswirar duniya har ka yi ritaya, ina ka taɓa zuwa bayan Mombasa?" Kuma gaskiya ya faɗa.

Yanzu bari in zo kan abin da ya sa ba za mu manta da shi ba. Muna da kwami guda a Mwembeni, wanda wani tsohon kulob ya bari da ya rufe. Shi kaɗai ne a yankin nan da ɗan talaka zai shiga ba a kore shi ba. Yaranmu da yawa a kwale-kwale suke ƙetare mashigin teku zuwa makaranta, kuma kowa a nan ya san gidan da aka taɓa yin zaman makoki saboda kifewar kwale-kwale. Maza sukan koyi iyo a bakin teku. Mata fa? Wace uwa ce za ta bar budurwar 'yarta tana fantsama a gaban masunta? Kwamin nan yana da katanga, shi ya sa a nan 'yan matanmu suke koyo, a hannun Kache, jikar Fundi Thoya, wadda ita ma a cikinsa ta koya har ta zama malama.

Kwamin ya tsufa. Yaɓensa ya ɓaɓɓake yana yankar ƙafafun yara, ruwa yana zurarewa. Sau biyu aka kira masu faci suka lallaɓa, sau biyu ya koma gidan jiya. Kwamitin unguwa ya gaji. Shugabansa Bwana Shee, mai shagon kayan gini, ya ce a cike ramin da ɓaraguzai a yi wa 'yan acaɓa tasha. Ba mugu ba ne, ya gaji da zuba siminti a rami ne kawai. A taron Fundi Thoya ya miƙe da ƙyar, ya ce a ba shi kwamin, shi ne aikinsa na ƙarshe, kuma ba ya son ladan kowa.

Bwana Shee ya ce, "Mzee, dattijonmu, siminti zan bayar, amma sau ɗaya. Wallahi in ya sake tsagewa, ni da kaina zan tuƙo motar ɓaraguzan."

Fundi ya ce, "Na ji. Ka ajiye man motarka, zai yi maka amfani."

Ya jira har rani ya kankama, rijiyar masallaci ta yi ƙasa. Ya bi bangon kwamin da gudumarsa yana ƙwanƙwasawa, duk inda ya ji sauti kamar na ganga ya sa alama a fasa. Ya kankare tsatsa, ya wanke yashi, ya sake wankewa. Masunta suka ara masa manyan ƙyallayen jiragensu aka yi wa kwamin rumfa, don kada rana ta gasa ɗanyen yaɓe. Ranar shafe, shi da tsofaffin abokan aikinsa suka fara tun da sanyin safiya, kafin hantsi ya yi zafi sun gama. Fari fat, sumul, har mutum ya ji kunyar taka shi.

A nan ne wuyar take, kuma ni ma sai ranar na sani. Sabon yaɓen kwami a ƙarƙashin ruwa yake nuna. Da an gama shafe ake sakin ruwa, kuma in an saki ba a tsayawa sai ya cika. In ruwan ya tsaya ko na ɗan lokaci, wurin da ya tsaya zai yi zare a jikin bango, na ƙasa ya jiƙa na sama ya bushe, kuma daga wannan zaren tsaga take farawa. Fundi ya ɗaure tsumma a bakin tiyo don kada ƙarfin ruwa ya ƙwaƙule yaɓen, ya ajiye shi a wuri mafi zurfi, aka buɗe famfo. Muka zauna a inuwa muna ta ba'a.

Ruwa ya kai kamar gwiwa sai famfo ya fara tari. Ya yi tari, ya tofa iska, ya rage kamar fitsarin jariri. Wani ɗan acaɓa ya zo da labarin babban bututu ya fashe a can hanyar Malindi, kuma babu wanda ya san ranar gyara.

Na kalli fuskar maƙwabcina, na ji tausayi ya kama ni. Ban taɓa ganin tsoro a idonsa ba sai ranar. Amma bai zauna ya dafe kai ba. Ya ce a mirgino duro. Aka kafa shi a bakin kwami, aka juye masa ruwan da ke cikin bokitan aiki, ya cire tiyo daga famfo ya tsoma a duron, ya zuƙa da bakinsa har ruwa ya biyo. Sannan ya juyo ya dube mu.

"Kada wanda ya watsa ruwa a kwamin nan, zai ɓata mini yaɓe. A duro za a zuba. Kuma ban yarda da ruwan rijiya ba, gishiri ne. Na sama nake so. In na ga gindin duron nan, an gama da mu."

Ruwan sama, a tsakiyar rani! Wanda kowane gida ya tara a tanki yana tsimi, ana auna shi da moɗa. Sai matarsa Nyevu ta ɗaure zani ta ce, "To me kuke kallo? Tsohon nan ya hana ni barci wata guda da maganar kwami, ba zan sake jin wani watan ba. Kache, je ki buɗe tankinmu."

Daga nan ban san yadda maganar ta zaga ba. Kache ta aika wa ɗalibanta, ɗalibai suka gaya wa iyaye. Mata suka fito da bokitai a ka. Masu kurar ruwa suka bar cinikinsu suka jero da jarkoki. Liman ya ce a buɗe tankin masallaci a bar na alwala kawai, mutanen coci suka ji, suka ce ai ba za a fi su ba. Layi ya miƙe daga ƙofar kwami har gindin mangwaron kasuwa. Ni ma, da ciwon bayana, na ɗauki buta biyu. Wata tsohuwa ta zo da tulu ɗan ƙarami, wani ya yi dariya, ta ce, "Yi dariyarka. Jikata ce ke ƙetare ruwa kullum, ba taka ba."

Fundi yana tsaye a kan duro, rana tana dukansa, hannu ɗaya a kan tiyo. Sau da yawa ruwan ya yi ƙasa har gabana ya faɗi, sai wata jarka ta iso. Da azahar mutane suka fara galabaita, tankuna suka fara amsa kuwwa. Sai ga Bwana Shee a motarsa ta ɗaukar kaya, wadda ya yi rantsuwa zai kawo ɓaraguzai da ita, cike da durorin ruwan gidansa.

Nyevu ta ce, "A'a, Bwana Shee, ɓaraguzan ne suka narke?"

Ya ce, "Mama, simintina nake ceto. Ku sauke, ku bar ni da kunyata."

Gab da la'asar muka ji hon. Tankar ruwa ce, bayanta wata, bayanta wata. Kache ce ta yi ta buga waya otal-otal ɗin da kakanta ya yi wa aiki, kuma da suka ji sunan Fundi Thoya babu wanda ya tsaya tambaya. Mata suka rangaɗa guɗa, 'yan acaɓan da aka so a yi wa tasha suka fi kowa ihu. Washegari da hantsi ruwa ya taɓa bakin tayil, bai tsaya ba ko sau ɗaya. Alheri danƙo ne, mun gani da idonmu.

Fundi Thoya, kai ne ka yi wa baƙi wurin shaƙatawa shekara da shekaru, ka fita ta ƙofar baya kafin su iso, ba su san sunanka ba. Kai ne ka ƙi karɓar yashi mai gishiri a wurin da babu mai ganewa sai bayan ka tafi. Gwanin cokali, mai jin maganar bango. Ba ka taɓa yi mana wa'azi ba, amma ranar da ka tsaya a kan duro ka sa unguwa guda ta juye ruwan shanta saboda 'ya'yan mutane.

Ranar Asabar da ta wuce aka buɗe kwamin, aka haɗa da bikin sallamarsa. An dafa shinkafa da madarar kwakwa, an soya kifi. Bwana Shee ya yi jawabi mai tsawo. Ana cikin haka sai muka ga Fundi ya tuɓe takalmi, ya naɗe wando, ya nufi matakala. Ya ce zai duba ko akwai zare. Ya sauka, ruwa ya kai gwiwa, ya kai ƙugu, ya kai ƙirji. Ya bi bango yana shafawa da tafin hannu, daidai inda ruwa yake lokacin da famfo ya yi tari. Ya ɗago ya ce, "Babu."

Kafin tafi ya lafa Kache ta faɗa ruwan ta iso gare shi.

"Angona, tunda ka shigo da ƙafarka, yau ba ka fita sai ka kwanta."

"Ke, rabu da ni! So kike ki kashe ni ki ci gado? Keke ne kawai."

"Kwanta dai. Kai ka shafa shi, ba zai ci amanarka ba."

Ta tallafi ƙeyarsa da hannu ɗaya. Tsoho ya runtse ido, ya saki jiki a hankali, ƙafafunsa suka taso. Can sai ta zare hannunta ta ɗaga shi sama don kowa ya gani, shi bai ma sani ba. 'Yan mata ɗalibanta suka kewaye shi suna tafi a kan ruwa. Nyevu tana dariya tana share hawaye da bakin zani, ni kuwa na ce hayaƙin kifi ne ya shiga mini ido.

Mun gode, Fundi Thoya. Allah ya huta da gajiyarka, ya ba gwiwoyin nan lafiya. Ku kuma matasa masu riƙe da cokali, da duk mai wata sana'a a hannu, ga abin koyi a gabanku: ku ɗanɗana yashinku ko babu mai kallo, kuma in kun saki ruwa kada ku bari ya tsaya.

Jiya da safe na ji ƙarar keken ta wuce, na leƙa ta katanga na ce, "Fundi, ba ka yi ritaya ba?" Babu cokali a kwandon, kofin shayi ne ke karo da 'yar guduma, ga tawul a kafaɗarsa. Bai ko tsaya ba ya ce, "Makaranta zan je, Malam. Malamar ba ta son latti."