Ranar da Baba Babba ya ɗaure kayansa

Shekarun baya, a farin da aka yi zamanin mulkin soja, muna zaune a Tasawa, ina 'yar lakwal, wato makarantar boko. Mahaifina ma'aikacin likita ne, shi ke yi wa yara lambar rigakafi. Mu Kirista ne, kuma ba mu da yawa a garin. Majami'armu rumfar zana ce a gidan wani tsoho mai gyaran keke, shi ne kuma ke yi mana wa'azi. Ni kuwa kunya ta yi mini yawa, ko mushe, malaminmu, ya kira sunana a aji sai in ji kamar in nutse. Bakina ne dai a rufe, idona ba ya barin komai ya wuce.

Wata yamma yayan mahaifina ya iso daga Urafane da matarsa da yara, a ƙasa, don har jakin an sayar. Ban taɓa ganinsa ba. Muna daka mahaifiyata ta faɗa mini dalili. Lokacin da mahaifina ya zama Kirista yana saurayi, ya je gida, sai yayan nasa ya sa aka zuba masa tuwo a ƙwarya daban, aka ajiye can gefe. Tun ranar bai sake taka garin ba.

Mahaifina ya ba su ɗaki. Jar dawar da sojoji ke rabawa da ɗan geron da yake saye, duk aka raba biyu. Maƙwabta sai yabonsa suke. Amma kullum in an kwashe tuwo sai ya ce mini, "Kai wa baƙo nashi." Bai taɓa cewa yaya ba. Ni ke kai akushin zaure, mahaifina kuwa ya ci nasa a cikin gida, bisa kujera, da cokali. Baba Babba, haka muke kiransa, zai ce, "Madalla, ɗiyata," ya yi loma biyu ya tura wa yara sauran. Na ga ya naɗa wa zobensa zare don kada ya zame daga yatsa.

Ran Asabar ina wanke-wanke na ji Baba Babba yana ce wa matarsa, "Gobe in rana ta yi sanyi mu wuce kudu. Tuwon wanga gida yana tsaya mini a wuya."

Ta ce, "Da ƙaramin nan? Ba ka ga ƙafafunshi sun kumbura ba?"

Ya ce, "Allah na nan."

Na kwana da maganar a bakina. In na tunkari mahaifina sai in tsinci kaina ina gyara masa takalmi.

Da safe muka tafi majami'a. Tsohon ya tashi, hannunsa da baƙin mai, ya ce mu tuba, Mulkin Sama ya matso. Sai ya dubi mahaifina yana murmushi. "Kai mai lamba, tuba ba irin aikinka ba ce, a tsaga sau guda a ce an gama. Mu nan mun tuba tun tuni, muka shimfiɗa tabarma muna jiran wasu su tuba. To, Sarkin da ke tahe ba hannunka kaɗai zai duba ba. Zai duba da wace zuciya ka miƙa." Aka yi dariya, har da mahaifina.

A hanya mahaifina ya ce, "Wa'azin yau da ma wasu da na sani sun ji shi."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Baba, Baba Babba ya ɗaure kaya. Ya ce tuwonmu na tsaya mishi a wuya."

Ya tsaya cak a tsakiyar yashi. Daga nan ya ɗaga ƙafa, sai da na haɗa da gudu.

Mun tarar da ƙullin kayan a bakin zaure. Mahaifina ya cire takalmi, ya ɗaga murya ya ce wa mahaifiyata, "Kawo tuwo nan, akushi guda." Ya wanke hannu ya zauna a tabarma.

"Yaya, ka yahe mini. Don in rama nake ciyar da kai, ba don Allah ba."

Baba Babba ya yi ta juya zoben nan. Can ya ce, "Ni na fara. Ƙwaryar nan ta daɗe tana bina."

"Sa hannu, yana hucewa."

Suka sa hannu. Da aka yi nisa Baba Babba ya ce, "Ashe ka iya ci da hannu? Na zaci cokali ya lalata ka."

Sun zauna da mu har ruwa ya sauka, ƙaramin ya warke, suka koma da irin shuka. Yana sallarsa a zaurenmu, mahaifina na cika masa buta, mu kuma muna zuwa majami'armu.

Da ina ƙarama, in aka ce Mulkin Sama ya kusa, tsoro nake ji, in yi ta leƙen gajimare. Yanzu murna nake yi, kamar an ce babban baƙo na hanya kuma da sauran lokacin shara. Sai in zauna in tambayi kaina ko akwai wanda ke ɗaure kaya saboda ni, tun rana ba ta yi sanyi ba.