Sitiyarin Maman Bulus

Ku da kuka san Maman Bulus kun san ba ta sa komai a bakinta da safe sai ta shafa wa sitiyarin motarta mai. Ni a kan idona ake yi, don ƙofar gidanmu a Orozo tana kallon tata, kuma shekara da shekaru tare muke zuwa kasuwar Durumi, ita da doyarta ni da kayan miyata. Gari na wayewa za ka hango ta zaune cikin tsohuwar a-kori-kurar nan, gwangwanin man kaɗanya a cinya, tana bin fatar sitiyarin da tsumma a hankali kamar mai yi wa jariri wanka. Ta shafa, ta murza, ta jira fatar ta sha, ta goge da busasshen ƙyalle har santsin ya tafi, sannan ta lulluɓe shi da tawul kada rana ta gasa shi. Ƙafarta kuwa duk faso.

Na taɓa ce mata, "Maman Bulus, ki rage man nan ki ɗan sa wa dunduniyarki mana."

Ta ce, "Dunduniya ne yake kai ni Durumi?"

Haka Hausarta take. 'Yar Gbagyi ce, haifaffiyar nan, kuma a bakinta babu mace babu namiji. Mota ya gaji, kaza ya yi ƙwai, ni ma "Maman Aisha ya zo." Na yi ta gyara mata har na gaji, ƙarshe ni ce na koma ina cewa miya ya yi daɗi.

Abin dariyar, ban da sitiyarin nan babu wani abu mai lafiya a jikin motar. Ƙofar gefena da igiya muke ɗaure ta. Hon ya mutu tun ban san ta ba, sai dai ta leƙo da kai ta ce, "Matsa." Makulli yana nan a maƙale amma ba ya aikin komai, wasu wayoyi take haɗawa a ƙasa, sannan a tura. Shi ya sa kullum a gangare take ajiye ta. Amma sitiyari, sai sheƙi. Fatar ta tsufa ta yi laushi, inda ta tsage kuma ta kai wa wani baduku a Durumi ya ɗinke mata, tana tsaye a kansa tana duba kowane ɗinki har bawan Allah ya roƙe ta ta je ta sha ruwa ta dawo.

Kuma doka ɗaya ce. Duk wanda zai taɓa shi, bakanike ne ko fasto, sai ta ce, "Nuna hannu."

Wata rana mun ɗauko hawan nan na bayan Nyanya, mota cike da doya tana nishi, sai masu duba lafiyar motoci suka tsare mu. Ofisan saurayi ne, mai ƙwazo. Ya zagaya motar, ya ja igiyar ƙofata, ya ce a danna hon, ta leƙo ta ce masa "Matsa" don ya ji yadda muke yi. Ya girgiza kai.

"Madam, sauko. Wannan ba mota ba ce. Ni da kaina zan tuƙa ta zuwa ofis."

Na ce yau mun shiga uku, tumatirina zai ruɓe a ofishin mutane. Ita kuwa ko gardama ba ta yi ba. Ta sauko, ta tsaya a bakin ƙofa.

"To, oga. Nuna hannu."

"Me?"

"Hannu. Duka biyu."

Ban san abin da ya gani a fuskarta ba, wataƙila uwarsa ya tuna, sai ga shi ya miƙo tafukan. Ta juya su, ta shinshina.

"Ƙosai ka ci. Man ma na jiya ne."

Ta ɗauko jarkar ruwa da sabulu daga bayan kujera, ta tsiyaya masa a bakin titi, abokan aikinsa na kallo. Ya wanke, ta ce bai shiga tsakanin yatsu ba. Ya sake. Ta sa ya cire zobe, ta ba shi ƙyalle ya goge. Sannan ya zauna ya murɗa makulli ya ji shiru, ya sake murɗawa.

"Madam, me ya sa ba ta tashi?"

"Makulli na ado ne, oga. Sai an tura. Kira mutanenka."

Ya dubi hawan da ke gabanmu, ya dubi tulin doyar da ke baya. Ya fito a hankali.

"Mama, ɗauki motarki ki tafi."

"Na gode, ɗana. Amma turin yana nan."

Haka suka taru da kakinsu suka tura mu, suna gumi, har injin ya kama. Mun yi nisa ina ta dariya hawaye na zuba, ita ko murmushi babu. Can ta ce, "Yaron kirki ne. Hannunsa ne ba shi da tarbiyya."

Maganar bunsuru kuwa, waɗanda suka ci naman bikin Rahila, 'yar autarta, ba duka suka san labarin ba. Mun je Karshi sayo shi, a hanyar dawowa ruwa ya tsuge. Ta ce dabbar biki ba zai yi mura ba, a shigo da shi gaba. Aka ajiye min shi a ƙafa, warinsa har cikin ƙwaƙwalwa. Muka tsaya wani shago karɓar buhun shinkafa, muka fake kafin ruwan ya tsagaita. Muna dawowa muka tarar da shi ya hau kujerar direba, ya lashe man kaɗanyar tas, ya kuma kafa haƙori ya yago fatar daga ƙasa yana tauna, ido a lumshe.

Na ja baya, don na ɗauka za a yi kisa nan take. Ba ta ɗaga hannu ba. Ta sunkuya har fuskarta ta zo daidai da tasa, ta ce, "Za mu haɗu ranar Asabar."

Maigidana ne ya yanka shi ran bikin, don kowa ya samu ya ci. Ana tsakiyar hidima, baƙi sun cika rumfa, aka nemi uwar amarya aka rasa. Ashe tana can ta bayan gidan, wurin masu girki, da ashobinta, wato ankon bikin, da ɗankwalinta mai tsayi, tana cewa, "Harshen nan nawa ne. Kada kowa ya taɓa." Aka dafa mata shi daban da yaji. Ta ɗauki kwanonta ta shiga mota ta zauna a gaban sitiyarin, ta cinye shi yanka bayan yanka, da cokali, don kada hannunta ya yi maiƙo. Da na leƙa na ce ana nemanki a yi hoto, sai ta ce, "Bari in gama shari'a."

Bulus, babban ɗanta, yana da shagon kayan lantarki a Gwarinpa, kuma ɗinke-ɗinken fatar nan kunya yake ba shi. Wata Kirsimeti ya kawo mata rigar sitiyari ta zamani, ja, mai gashi lallausa. Ta karɓa da hannu biyu, ta sa masa albarka mai tsawo. Yana juya baya ta ce min, "Fata yana numfashi. Ya za a yi in toshe masa hanci?" Da ya sake zuwa, ya tarar da rigar a lungun kicin, kaza ta kwanta a tsakiya tana kwanci.

"Mama, wannan fa daga babban kanti na sayo miki."

"An gani ai. Tunda ya samu wannan, ko ƙwai ɗaya bai fasa ba."

To, dariya muke ta yi har yana ta fara rufe mata ido. Da farko abin wasa ne. Ta taɓa tsayawa gaban wata ganga mai fenti a bakin hanya tana miƙa mata takardun mota, har tana gaishe ta da aiki. Amma wata ranar muna dawowa ba ta ga lambatu ba, tayar gaba ta faɗa, wata mai gasa masara ta yi tsalle ta bar kaskonta a ƙarƙashin mota. Da ba ta yi tsallen nan ba, da wani labarin nake ba ku. Goshina ya kumbura kamar ƙwan agwagwa. Maman Bulus kuwa abin da ta fara dubawa sitiyari ne.

Bulus ya zo da yamma ya yi faɗa, ya zare makullin ya sa a aljihu ya koma Gwarinpa da kwanciyar hankali. Washegari da safe muka ji injin yana tari kamar kullum. Ya kira ni a waya.

"Mama, don Allah ki yi mata magana. Ke kaɗai take ji."

Na ce, "Ni ɗin ma ba ji take ba."

Amma na kwana da abin. Da gari ya waye na kwashi kwandunana na kai bakin titi ina jiran motar haya. Ta zo ta tsaya a gefena.

"Maman Aisha, shiga."

"Ba zan shiga ba."

"Don goshi?"

"Ba don goshi ba. Idonki ba ya gani, kuma kin sani. Ba na so a ce ƙawata ta kashe mutum."

"Mai masara bai mutu ba."

"Ta gaba fa?"

Sai ta juya motar ta koma gida, ba ta je kasuwa ba ranar. Daga nan ta ɗauke min gaisuwa. In na yi sallama sai ta kama yi wa kaji magana. Na aika mata da miyar taushe, kwanon ya dawo a wanke, amma ba saƙo. Abin ya dame ni ƙwarai, don ban taɓa sanin safiya tana da tsawo haka ba.

Ana nan sai Rahila ta ƙwanƙwasa min ƙofa, ta ce Mama na kira. Na fita na tarar an yanke wa yarinyar farce har ƙasa, an raba ta da zobe da warwaro. Tsohuwar na zaune a tsakiyar kujera, doya a baya. Ba ta dube ni ba ta ce, "Direba ya samu. Kawo tumatir." Ashe duk kwanakin nan a filin makaranta suke, tana koya mata tuƙi.

Haka muka koma tafiya mu uku. Ba ta ganin hanya, amma tana jin yadda aka riƙe sitiyari. Rahila na ɗan matsawa za ta ce, "Sassauta. Ba wuyan mijinka ba ne."

Da ƙarfinta ya ƙare ta daina zuwa kasuwa, amma shafa man nan ba ta bar wa kowa ba. Wata la'asar na same ta zaune cikin motar a gindin mangwaro, na shiga na zauna kusa da ita. Na ce, "Ni kam ki gaya min gaskiya. Mutane na cewa don tunawa da marigayi Baban Bulus kike wannan hidima."

Ta yi dariya har da tari. "Baban Bulus? Ko keke bai iya ba."

Sai ta kama hannuna ta ɗora a kafaɗarta, ta cikin riga. Wurin ya yi kanta, tauri kamar bayan itace. Kun san matan Gbagyi ba a ka suke ɗaukar kaya ba, a kafaɗa ne.

"Tun ina yarinya doya yana nan wurin. Daga gona zuwa Karshi, da ƙafa, da ciki, da goyo. Ban koyi mota ba sai da na yi jika, ana ta min dariya." Ta dafa sitiyarin. "Ranar da na riƙe wannan, ranar na sauke kaya. Shi ya karɓa min. To ba zan shafa masa mai ba?"

Muna nan zaune har aka kira magariba, ta ce in tashi in je in yi salla kada in ɗora mata laifi.

A daminar da ta wuce ta rasu, a ɗakinta, 'ya'yanta na kewaye da ita. Coci ya cika har waje, mu matan kasuwa muka zauna a rumfa, kowa na ba da nasa labarin, a yi kuka a yi dariya.

Allah ya sa ta huta. Yadda ta ɗauki namu da nata ba ta taɓa ƙorafi ba, Allah ya sauke mata duk wani nauyi. Ya ba Bulus da Rahila haƙuri, mu kuma da muka saura ya sa mu gama lafiya. Amin.